Ranar da Aka Sa wa Kan Kyarkeci Farashi

Jama'a, tun ina yaro na san zafin barnar dabbar dawa. Na ga safiyar da kakana ya tsaya a bakin garke, igiya a hannunsa, ga jini a ƙasa, ga sawun kura ya nufi rafi. Akuyar da yake tattali saboda hidimar sallah ce ta tafi. Don haka ban taɓa ganin laifin makiyayin da ya ɗauki makami ya bi abin da ya cinye masa dukiya ba. Amma abin da aka yi wa kyarkeci da zakin dutse a Amurka ya wuce kare garke, kuma duk lokacin da na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Tun a 1630 Turawan da suka zauna a Massachusetts suka fara biyan lada ga duk wanda ya kashe kyarkeci. Al'adar ta bi su har yammacin ƙasar. Can kuwa sai da aka karkashe ɓaunan daji miliyoyi, abincin kyarkeci tun asali, sannan aka zuba shanu da tumaki a filayen. Dabbar da aka raba da cimarta, me ake so ta ci? Da ta faɗa wa shanu, aka ce ita ce azzaluma.

A 1884 Montana, da ke can yammacin ƙasar, ta sa dala ɗaya a kan kowane kyarkeci. Zuwa 1918 an biya ladan kyarketai sama da 80,000. Akasari ba da bindiga aka yi wannan aiki ba. Mutum zai sami mushe ya tsattsaga shi, ya barbaɗa guba a cikin naman, ya koma ya kwanta. Da safe ya zo ya tarar da gawarwaki zube: kyarkeci, dila, mikiya, hankaka, duk wanda ya sa baki. Ya feɗe na kuɗi, ya bar sauran su ruɓe. Wasu kuma ramin haihuwa suke nema, su zaƙulo jarirai tun idonsu bai buɗe ba.

Ga inda na fi tsayawa. Kakana kura ɗaya yake nema, wadda ta shigo masa gida, in ya same ta magana ta ƙare. Wanda ake biya kan kowace fata kuwa ba ruwansa da wadda ta yi barna da wadda ba ta taɓa ganin saniya ba. Farauta ta zama kasuwa, ita kuma kasuwa kullum kaya take nema. Shi ya sa ha'inci ya shigo: a kai fata ɗaya wurare biyu a karɓi kuɗi, har malaman ofis suka koma huda kunnuwa ko yanke su don kada a sake kawo ta. Akwai masu kwashe 'ya'ya su bar uwar da rai, don baɗi ta sake haifa musu abin sayarwa.

Zakin dutse, wanda ake kira puma, bai tsira ba, alhali dabba ce mai gudun mutane. Kalifoniya ta biya lada daga 1907 zuwa 1963, an kashe fiye da 12,000. A tudun Kaibab na jihar Arizona, bayan shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe wurin a 1906, mafarautan gwamnati sun kashe ɗaruruwan zakunan wai don a kare barewa. Barewar ta yi yawa fiye da kima, ta cinye ganye har iya inda bakinta ya kai, daga 1924 kuma ta yi ta mutuwa da yunwa dubbai. Wallahi harsashin mafarauci bai kai wannan mutuwar muni ba.

Daga baya an yi nadama. Gandun Yellowstone, inda aka kashe kyarketai na ƙarshe a 1926, sai da aka je Kanada a 1995 aka kamo wasu, aka kawo su cikin akwatuna da kuɗin gwamnatin da ta taɓa ɗaukar ma'aikata don ƙarar da su. Kalifoniya ma a 1990 jama'a suka jefa ƙuri'a suka hana farautar zakin dutse don nishaɗi. Na yaba, ko da yake rigimar ba ta mutu ba, domin a 2021 jihar Idaho ta yi dokar da ta ba da damar rage kyarketanta matuƙa.

Abu ɗaya ne har yau ya ƙi fita daga raina. A 1905 majalisar Montana ta zartar da doka cewa likitan dabbobi na jiha ya kama kyarketai, ya sa musu ƙazuwa da gangan, ya sake su su yaɗa wa 'yan uwansu. Dabba ta yi ta susa har gashinta ya zube, sannan sanyin hunturu ya ƙarasa ta. Mutane masu ilimi ne suka zauna suka rattaba hannu a kan wannan. A 2007 aka ga cutar ta ɓulla a jikin kyarketan Yellowstone, zuriyar waɗanda aka ɗauko daga Kanada.