A ɗinka wa jikin da ke gaban tela, ba wanda ke cikin waya ba

Duk kun ga bidiyon nan na ƙawar amarya da zif ɗin rigarta ya fashe tun daga wuya har ƙugu ana tsakiyar liƙi. Ba zan sa shi a nan ba, kuma masu yaɗawa ku ji tsoron Allah ku goge, 'yar mutane ce. Abin da ya ɓata min rai shi ne yadda kowa ya yi caa a kan tela: bai iya ba, mugu ne, a kai shi ƙara. Ku sake duba rigar da kyau. Leshi ne mai duwatsu, mai nauyi, an ɗora shi a kan koset, wato matsattsen ɗinkin nan mai ƙashi a ciki da ke ɗaure ƙirji da ƙugu, an sa masa siririn zif ɗin nan da ake ɓoyewa a cikin ɗinki, kuma daga gani an matse ƙirjin fiye da ainihin awonta. Rigar nan ko wa ya ɗinka ta a haka sai ta fashe. Tela yana da laifinsa, domin ya kamata ya ce ba zai yi ba. Amma asalin ciwon shi ne mun koma ɗinka wa hoto kaya. Mace ta buɗe Instagram, ta ga wata doguwa a tsaye ta riƙe numfashi, an gyara hoton an rage mata ƙugu, sai ta miƙa wa tela waya ta ce irin wannan sak. Ita waccan ta cikin hoton ba ta zauna ba, ba ta ci shinkafa ba, ba ta durƙusa ta gaida kowa ba. Ke kuwa wuni za ki yi a cikin kayan.

A ɗinka wa jikin da ke gaban tela. Maganata ke nan, kuma zan yi ta maimaita ta.

Atamfa ba ta miƙewa, shadda ba ta miƙewa, yawancin leshi ma haka. Idan tef ya nuna ƙirjinki inci 40, rigar da aka gama sai ta kai 42 kafin ki iya numfashi da ɗaga hannu. A ƙugu a ƙara inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A mazaunai a ƙara biyu zuwa uku, domin da zarar kin zauna wurin yana ƙara faɗi, shi ya sa siket ke ɓarkewa ta baya a kan kujera, ba a tsaye ba. Wannan ƙarin ba ƙiba zai sa miki ba. Matsattsiyar riga ce ma ke tona ciki da naɗin baya, ta yi ta tattarewa a ƙarƙashin ƙirji, ta ja layi-layi a kan cinya. Rigar da ta zauna daidai tana sauka ne sumul, sai mace ta fi kyan tsari. Kuma ki ce wa tela ya bar miki inci ɗaya na yadi a cikin kowane ɗinkin gefe. Idan rigar ta matse a saki. Idan kuwa ya datse shi har bakin zare don ciki ya yi tsaf, ranar da ta matse babu abin da za a iya yi.

Ranar awo ki je da rigar maman da za ki sa ranar bikin, da takalmin da za ki sa. Mai soso tana iya ƙara wa ƙirji inci guda ko fiye, dogon takalmi kuma yana canza tsawon riga da inci uku ko huɗu. Kar ki shanye ciki. Kar ki ce ya rubuta 36 alhali tef ya ce 39 wai za ki rame kafin biki. Rage riga aikin minti talatin ne, ƙara ta kuwa sai da yadi, yadin anko kuma ya ƙare. Masu turo awo ta WhatsApp, awon da aka ɗauka tun kafin haihuwar fari, ku ma da ku nake.

Na san za a ce ai koset ake yayi, kowa shi take sawa. To a sa, amma a yi shi yadda ake yi. Ƙashin roba mai arha da ake cusawa a ciki yana lanƙwashewa idan ya sha zafin jiki, sai ya karye a daidai ƙugu ya riƙa sukar haƙarƙari, tun kafin a yanka kek mace ta fara neman inda za ta jingina. Mai kyau shi ne na ƙarfe mai lanƙwasa, a rufe bakinsa, a sa shi cikin hanyarsa a jikin shafi mai ƙarfi. Bayansa kuma igiya ake sawa, irin wadda ake zargewa, domin a iya sassautawa bayan an ci abinci. In dole sai zif, a sa mai kauri, a ɗora maƙalli a samansa, a kuma cire duwatsun da ke kusa da hanyarsa. Siririn zif na yadi mara nauyi ne, haƙoransa ba sa jure ja a inda ɗinki ya yi kauri. Mai ciki, mai jego, wadda aka yi wa aiki wajen haihuwa, da mai fama da gyambon ciki ko asma, ku bar koset gaba ɗaya. Babu bikin da ya kai lafiyarku.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba. Bikinmu ba na awa biyu ba ne. Akwai kamu, akwai sa lalle, akwai yini, akwai dina, akwai kai amarya da buɗar kai. La'asar da magariba a gidan biki suke riskar mutane. Hannun rigar da ba ya naɗuwa ya wuce gwiwar hannu, da me za ki yi alwala? Sai ki ga mata sun tara salla har dare saboda hannun riga da hoda. Ki ce wa tela ya bar inci ɗaya da rabi zuwa biyu a damtse, in kuma dogon hannu ne matsattse ya sa ɗan zif ko maɓalli a wuyan hannu. A gidan surukai tabarma ko darduma za a shimfiɗa muku, dole ki durƙusa ki gaida iyaye. Siket ɗin da ya matse har ƙasan gwiwa ba zai bar ki ba. Buɗewar irin wannan siket a saman gwiwa take farawa, da inci biyu ko uku. In aka sauko da ita ƙasa, tafiya ma sai an riƙe ki, hawa mota kuma sai an ɗaga ki. Saboda haka ranar gwaji kar ki tsaya gaban madubi kawai kina juyi. Zauna a kujera. Durƙusa. Ɗaga hannu biyu kamar za ki gyara ɗauri. Sunkuya kamar mai ruku'u. Taka matakala. Duk inda ya ja, a nan zai yage.

Wata za ta ce to ni gajera ce, ni mai jiki ce, komai na sa ba ya min kyau. Ba gaskiya ba ne, ƙanwata, ɗinkin wata kike sawa. Gajera ta nemi abin da zai sauka kala ɗaya daga kafaɗa har ƙasa, da zane ƙanana ko masu tafiya a tsaye. Atamfa mai manyan fulawa tana cinye ta, riga da siket masu kala daban-daban kuma suna raba ta biyu. Mai cikar ƙirji ta bar wuyan da ya haɗe har maƙogwaro, ta bar tara duwatsu da tattara a gaba. Wuya mai siffar V ko mai kusurwa huɗu, daidai misali ba mai tona jiki ba, ya fi sauke mata nauyi. Mai faɗin mazaunai da ƙaramar kafaɗa ta kai adon sama, hannu mai ɗan kumbura ko aiki a wuya, ƙasan kuma ya buɗe a hankali daga ƙugu. Mai tumbi ta ɗaga yankan rigar zuwa ƙarƙashin ƙirji ya sauka sakayau, ko ta yi bubu. Bubu kuwa ba rigar tsofaffi ba ce. Bubun shadda da aka yi wa aiki mai kyau a wuya, kafaɗarsa ta zauna daidai, tsawonsa ya tsaya a idon sawu, ya fi rabin abin da ake gani a dina kwarjini. Dubi matan Senegal da Mali yadda suke fita da shi. Dubi lafaya a jikin matan Borno, babu zif babu ƙashi, kuma babu mai shigowa taro da ita a ƙi waiwayowa. Siririya doguwa ita ce manyan zane da tattara da peplum, wato ɗan faifan da ke buɗewa a ƙugun riga, suke karɓa, amma ita ma ta kula da kafaɗa, in ta zarce ko da rabin inci sai rigar ta zama kamar ta aro.

Anko yadi ɗaya ne, ba ɗinki ɗaya ba. Wannan sabon salon da uwar biki ko amarya za ta turo hoto ta ce dole ƙawaye ashirin su yi sitayil ɗaya, zalunci ne. A cikin ashirin ɗin nan akwai mai shayarwa, akwai mai ciki wata biyar, akwai wadda mijinta ko mahaifinta ba zai bar ta ta fita da shi ba. Ku haɗa kala da ɗauri, ku bar kowa ta ɗinka abin da jikinta zai ɗauka. Hoton ma ya fi kyau a haka.

Shi kansa yadin a san abin da ake saya. Atamfa yadi shida take zuwa, leshi yadi biyar. Yadi shida zai ba mace matsakaiciya riga da siket da ɗankwali, amma in zanen babba ne kuma ana so ya haɗu a gaba da baya, ko ana son ƙasa mai faɗi sosai, ba zai isa ba, sai tela ya fara dabara yana juya zane kai ƙasa. Ki tambaye shi tun kafin ya sa almakashi. Ki kuma ce masa kar babbar fulawa ta faɗo a kan ƙirji ko a tsakiyar mazaunai, kuskure ne da ake yawan yi kuma ba ya gyaruwa. In kin shiga Kantin Kwari kar ki yanke hukuncin kala a ƙarƙashin fitilar shago. Fito da yadin bakin ƙofa, ki kara shi a gefen fuskarki a hasken rana. Baƙar fata tana haskawa da ruwan goro, ruwan ƙwai, kore shar, shuɗi mai ƙarfi da ruwan gwal. Ruwan toka da ruwan ƙasa mai duhu sukan dusashe ta sai an haɗa da wani abu mai haske a wuya ko a ɗauri. Mai hasken fata ta yi hattara da ruwan madara da ruwan hoda mai fari-fari, a hoto sai ta ɓace a ciki. Sannan ba sai Super ta Vlisco ko leshin Siwizalan ba. Atamfa mai sauƙin kuɗi da aka yi wa awo na gaskiya ta fi mai tsada da aka cusa mutum a ciki. A sayi leshi na dubban ɗaruruwa, a kasa zama a cikinsa, ai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Shafi ma abin dubawa ne. A watan Maris zuwa Mayu zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40. A sa wa leshi shafin roba mai sheƙi a wannan lokacin, zufa ba ta da hanyar fita, sai ta fito ta hammata da gadon baya ta yi shaida. Shafin auduga ake sawa. Ragar nan kuma mai kalar fata da ake sawa a ƙirji da hannu, ido yana ganinta kamar ta rufe, amma hasken kyamara yana ratsa ta. Ki ɗauki hoto da filashi a shagon tela kafin ki karɓa.

Lokaci kuma. Ki kai ɗinki sati uku zuwa huɗu kafin biki, gwaji ya kasance saura kwana goma, ki karɓa saura kwana uku. A Disamba da watan Sha'aban, lokacin da bukukuwa ke cunkushewa, da kuma goman ƙarshe na azumi, ki ninka wannan. Wadda ta kai yadi ranar Laraba tana so ranar Juma'a, yaron shago ne zai ɗinka mata cikin dare, kuma babu gwaji. Ba na karɓar uzurin wai anko bai fito da wuri ba. In bai fito da wuri ba ki yi ɗinki mai sauƙi, riga da zani ko bubu, wanda ko an yi kuskuren inci ɗaya ba zai tona miki asiri ba.

Teloli, ku ma ku koyi cewa a'a. Kwastoma ta ce a rage, ka nuna mata tef, ka gaya mata abin da zai faru. In ta nace ka mayar mata da yadinta. Kuɗin ɗinki ɗaya bai kai sunan shagonka ba.

Af, maza kar ku ɗauka kun tsira. Abokan ango da wandon da ya ɗame a sharaba ya tsaya a saman idon sawu, ku ma da ƙyar kuke zama a wurin ɗaurin aure. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma suke ci, kaftani da wando biyar, kar tela ya ce zai fitar maka da babbar riga a bakwai, hannunta ba zai naɗu a kafaɗa ba. Gajere ya tsayar da ita ƙasan gwiwa kaɗan, kar ta share ƙasa. Hula kuma lamba gare ta, a zagaya tef a kai a saman kunne, yawancin manya tsakanin inci 22 ne da 23 da rabi, a daina sayen zanna bukar da ka sannan a yi ta tura ta ƙeya. Shadda mai tsada irin Getzner ta Ostiriya kuwa kar a jiƙa ta a omo ta kwana, kar a murza ta da burushi, kar a shanya ta a tsakar rana. A wanke ta da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, ta sha iska a inuwa, sannan a kai ta wurin masu bugu. In guga za a yi, ta bayan yadin ake yi.