Ku daina ce wa mai kuka bangaskiyarsa ce ta gaza

'Yan'uwa cikin Almasihu, wata magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai sai na amayar da ita.

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023 aka fara ɓarin wuta a Khartum, babban birnin Sudan, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Mu mun riga mun yi Ista, Kiristoci Kibɗawa maƙwabtanmu tasu washegari ce, Musulmi kuma suna cikin azumi. Muka ce abin kwana biyu ne. Muka gudu Madani da kayanmu a buhu, a watan Disamba RSF ta shiga Madanin, muka sake saɓa buhun sai Gadarif. Babban cocin All Saints da ke Khartum ma bai tsira ba, Akbishop Ezekiel Kondo kansa Port Sudan ya koma.

Ana cikin haka wani ɗan'uwa, yana zaune lafiya a wata ƙasa, ya turo mini saƙon murya na minti tara. Wai mu binciki kanmu, mu ƙara azumi, da muna da bangaskiya da tuni ƙofa ta buɗe. Azumi! Mutanen da sau ɗaya suke ɗora tukunya a rana.

Ku koma littafin Ayuba. Abokansa uku sun zauna da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina iyakar alherin da suka yi masa ke nan. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, a sura ta 42 Allah da kansa ya ce fushi yake da su. Dawuda a Zabura 13 sau huɗu yana tambayar Ubangiji har yaushe, ba a kuma cire wannan kukan daga Littafi Mai Tsarki ba. To kai da ka binne ɗanka a tsakar gida don hanyar maƙabarta ba ta biyuwa, ka yi kukanka gaban Ubangiji, addu'a ce ita ma.

Abin da ya riƙe ni bai zo ta wa'azi ba. Wata Hajiya Bahaushiya ce, wadda kakanninta suka yada zango a nan kan hanyar Makka, ta ba mu rumfar bayan gidanta. Ta san mu Kirista ne sarai. Duk safiyar Lahadi takan kori jikokinta daga wurin, ta ce "ku bar baƙina su yi ibadarsu", in mun tashi kuma ga kisra, wato siririyar gurasar dawa ta mutanen Sudan, da miyar kuɓewa. Ina ganinta nakan tuna gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya da ɗan garin da ya rage mata a tukunya.

Mu goma sha ɗaya ne, Littafi ɗaya gare mu, bangonsa ya yage. Wata mama 'yar Dutsen Nuba tana ɗaga waƙa da Larabci, mu mu amsa da Hausa, a haka ake tafiya.

Ku da kuke waje, in kun kira mu, ku fara tambaya ko yara sun ci abinci. Mai hali ya tura ɗan abin da ya samu ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartum. Na nan Gadarif kuwa, sujada tana nan ƙarfe takwas, mai tabarma ya zo da ita, tamu ba ta isa.