Attajirin da babu layi a ƙofar gidansa

Wata abokiyar aikina ce baturiya ta ɓata min rai, shi ya sa nake wannan rubutun. Ina aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi a nan arewacin Ingila, wajen ƙarfe biyu idan tsofaffin sun yi barci mukan zauna a ɗan ɗakin ma'aikata, kowa da kofin shayinsa, hita na ta huci amma ƙafa kamar ƙanƙara, ita kuma kullum Succession take maimaitawa a wayarta. Rannan ta tambaye ni ko muna da irin wannan a ƙasarmu, na ce sosai ma, na buɗo mata Gidan Badamasi, shirin barkwancin nan na Kannywood a kan wani attajiri da 'ya'yansa. Ta kalla ko minti uku bai kai ba ta kwashe da dariya, wai wannan gidan mai kuɗi ne ko tashar mota? Na yi murmushi kawai amma wallahi abin ya tsaya min a wuya har gari ya waye.

Ga wanda bai sani ba, Succession shirin tashar HBO ta Amurka ne da aka yi daga 2018 zuwa 2023, zango huɗu. Wani tsoho ne Logan Roy mai katafaren kamfanin labarai a Niyok, 'ya'yansa huɗu, uku daga ciki suna ta cin dunduniyar juna kan wanda zai hau kujerar, ana cewa ma da iyalan Rupert Murdoch, attajirin nan mai jaridu da gidajen talabijin, aka ɗan yi kwatance. Kuɗi kam ba a magana, helikwafta kamar acaɓa, jirgin sama nasu na kansu, amma gidan sai ka rantse ba mutane a ciki. Bango fari, gilashi tun daga ƙasa har sama, kaya duk ruwan toka da baƙi, hula ko tambari babu. Abinci ana kawowa a ɗauke ba wanda ya ci ya ƙoshi. Uba ya zagi ɗansa zagin da ko a Sabon Gari sai an taru, ɗan ma ya rama. Duk tsawon shirin ban ga almajiri ko maƙwabci ko wata gwaggo daga ƙauye ta zo da takardar asibiti ba, to wai kuɗin na menene?

Gaskiya ɗaya dai, wajen nuna harkar kasuwanci sun yi mana nisa. A can za ka ga yadda ake sayen hannun jari a ɓoye, yadda daraktoci ke kaɗa ƙuri'ar tsige mai kamfani, yadda bashin banki ke shaƙe mutum idan farashin hannun jarinsa ya faɗi. Namu kuwa kun sani, Alhaji na juyi a kujera da laftof a rufe, sakatariya ta shigo da fayil, a ce kwangilar miliyan ɗari biyar ta fito, har a gama shirin ba ka san me kamfanin ke sayarwa ba. Wannan na yarda.

Amma abin da baturiyar nan ba za ta gane ba shi ne rigimar tasu ma ba irin tamu ba ce tun daga tushe. A Amurka da nan Ingila mutum na iya rubuta wasiyya ya hana ɗan cikinsa ko sisi, sai dai ɗan ya je kotu ya yi ta fama, shi ya sa duk shirin ya tsaya kan abu ɗaya, wa Baba zai zaɓa. Mu kuwa Alƙur'ani ya riga ya gama rabon, mata su ɗauki tumunin takaba in akwai 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, hadisi kuma ya ce wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. To ina Alhaji zai samu wuƙar da zai riƙa yi wa 'ya'yansa barazana da ita irin ta Logan? Faɗanmu a wani wajen yake, ɗakin uwargida da ɗakin amarya, 'yan uba, takardar filin da ta yi ɓatan dabo ranar sadakar uku, babban wa da ya ce marigayi ya ba shi shagon Kwari kyauta tun yana da rai amma ba shaida. Wannan faɗan dole sai da jama'a, dole a ga hayaniya, abin da ta kira tashar mota kenan.

Kuma masu cewa dukiyar Bahaushe da mai ita ake binne ta, wai rabon gado ke kashe kasuwanci, su je Ƙoƙi da Sarari, unguwannin su Dantata a Kano, su tambaya. Alhassan Dantata ya rasu tun 1955, ɗansa Aminu ya riƙe harka har ya rasu a 2025 aka binne shi a Madina, Aliko Dangote kuma tattaɓa kunnen Alhassan ne ta wajen uwa. Daga goro da dalar gyada har zuwa matatar mai a Legas. A Succession fa, ƙarshenta sayar da kamfanin aka yi wa wani ɗan Suwidin, suruki ya hau kujera, 'ya'yan suka tashi da kuɗi ba kamfani ba zumunci.

Wurin da ya fi tsaya min shi ne mutuwar Logan, a cikin jirgi ya faɗi, aka kara masa waya a kunne 'ya'yan na magana daga nesa kowa na in-ina. Turawa sun ce fasaha ce, ni kuwa abin da nake gani ne a wajen aiki. Akwai tsofaffi a nan da suka mallaki gidaje da kamfanoni, hotunan jikoki jere a kan durowa, amma sai Kirsimeti ake leƙo su da kati da fulawa, minti arba'in an tafi. Idan ɗaya ya cika mu ne a kansa, jana'iza kuma sai bayan sati biyu ko uku. Alhaji Badamasi da duk rowarsa da keken guragunsa, 'ya'yan da ke jiran mutuwar tasa ma a gabansa suke jira, yana ganinsu yana yi musu faɗa.

Toh ni da nake wannan cika bakin ina nan ina juya mahaifin wasu a gado, nawa Baban yana Kano ƙanena ne ke kai shi asibiti, shi ke bin layin magani, shi ke kwana a tabarma a gefensa. Ni nawa tura kuɗi ne ƙarshen wata da kiran bidiyo da ke yankewa. Ranar da aka zo rabo kuma ni da shi daidai wa daida za a ba mu, ba za a tambayi wanda ya yi jinya ba, kuma na san matarsa ta fara magana ƙasa-ƙasa. 'Yan Kannywood don Allah ku ajiye kwangilar miliyan ɗari biyar ɗin nan ku yi mana fim a kan wannan, ɗan da ke waje yana turo fam da ɗan da ke gida yana wanke fo.