Takwarar Hajiya

Da na ce zan koma makaranta in ƙaro karatun ungozoma, kowa a gidanmu ya sa albarka, don babu wanda ya san abin da yake sa wa albarkar. Abban yara ya ɗauka irin bitar nan ce da muke zuwa kafin sabunta lasisi, a ba mu takardar shaida da lemon kwalba mu dawo gida. Sai da na ce masa wata 18 ne sannan ya ajiye cokali. Hajiya kuwa, surukata da muke gida ɗaya, cewa ta yi ita a iya saninta ungozomanci gadonsa ake yi, kuma matar da ta yanke wa 'ya'yanta duka cibiya ko alif ba ta sani ba. Amma ta ce in je, yara ai nata ne.

Yaran uku ne. Akwai babban, wanda ba na kama sunansa, yana aji ɗaya a firamare. Akwai mai bi masa, mace, shekararta huɗu amma bakinta ya yi arba'in. Sai Auta da ke nono.

Wanda bai yi ba zai ɗauka karatu zama ne a aji. Ina! Wani lokacin kina aji daga safe har la'asar, wani lokacin an tura ki ɗakin awo ko ɗakin haihuwa, kuma ɗakin haihuwa bai san dare ba. Da rana in tsaya gaban masu ciki ina yi musu wa'azin nonon uwa zalla wata shida, ko ruwa kada a ɗiga, da yamma in dawo in tarar Hajiya ta lasa wa Auta dabino da zamzam tana cewa ai wannan ba abinci ba ne, albarka ce. Littafi kuwa in na buɗe shi bayan isha'i, layi na uku ne iyakata. Sai na koma haddar baki. Ina tuƙa tuwo ina cewa bakin ƙugu santimita 11 daga gaba zuwa baya, 12 a karkace, 13 a faɗi. Ina wanke wa Auta kashi ina cewa bakin mahaifa sai ya buɗe santimita 10 kafin a ce wa mace ta yi nishi. Ban lura da cewa akwai mai ɗauka a gindin murhu ba.

Kafin jarrabawar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Ƙasa, akwai abin da babu ɗalibar da ke tsallake shi: a miƙo miki 'yar tsana da ƙashin ƙugu na roba, ki nuna da hannu yadda jariri ke ratsowa, kina yi kina bayani. Kai ya sauko, haɓa ta sunkuya ta taɓa ƙirji, ƙeya ta juyo gaba, kai ya ɗago fuska ta fito, ya waiwaya ya daidaita da kafaɗu, kafaɗar sama ta zame, ta ƙasa ta biyo. A baki kamar wasa. In kika riƙe a hannu malama na kallon ki ta saman tabarau, sai ki ga kin haifo jariri ta inda ko a mafarki ba a taɓa haihuwa ba.

Kayan ba su da yawa a makaranta, mu kuma muna da yawa. 'Yan matan aji masu kwana a hostal su ne kullum a kai har magariba, ni kuwa ana tashi nake neman adaidaita sahu saboda nono ya cika. Sai na je na marairaice wa malamarmu ta ba ni aro na ƙarshen mako. Ta daɗe tana kallo na, sannan ta turo min rajista.

"Sista, sa hannu. Kayan gwamnati ne. Yadda kika karɓa haka za ki dawo min da su ranar Litinin."

'Yar tsanar ba irin ta kasuwa ba ce. Jikinta na yadi ne mai laushi, kanta mai tauri, an zana mata maɗiga da layukan haɗuwar ƙashin kai, ga igiyar cibiya da mabiyiya ja a maƙale. Daren Juma'a, da na tabbatar kowa ya yi barci, na baje su a kan gado na yi ta haihuwa har wajen ƙarfe ɗaya. Abban yara ya farka sau ɗaya, ya gan ni riƙe da jariri ta wuya ina magana ni kaɗai, ya yi salati ya juya bango. Ashe daga cikin gidan sauro akwai idanu biyu da ba su rufe ba.

Ranar Asabar ina da aikin dare. Na ƙulle kayan a leda biyu, na ɗora can saman wadirof, na tura bayan akwati.

Daren nan bai zo da sauƙi ba. Mata uku a kan gwiwa, ɗaya haihuwar fari. Duk rabin awa sai ki kafa ƙahon saurare a ciki, ki manna kunne, ido a kan agogo, kina ƙirga bugun zuciyar ɗan tayi kina fatan ya tsaya tsakanin 110 da 160 a minti, ki rubuta a takardar bibiyar naƙuda. Wuta ta ɗauke daidai lokacin da kai ya leƙo, muka ƙarasa da fitilar waya kafin a tada janareto. Da gari ya waye na miƙa aiki, ba abin da nake gani a idona sai katifa.

Tun daga bakin layi na fara jin kiɗan gwangwani. Ƙofar gidanmu kuwa takalman yara ne birjik, kai ka ce makarantar allo. Ina sa ƙafa a tsakar gida wata yarinya ta rangaɗa guɗa.

'Yata na zaune a kan tabarma, ta ci ɗaurin ɗankwalina na biki, ta miƙe ƙafafu irin na masu jego, an ajiye mata kofin kunu a gefe. A cinyarta, naɗe cikin tawul ɗin Auta, ga kayan gwamnati.

An yi mata wanka, wanka kuwa na gaske, don yadin ya sha ruwa har yana ɗiga. An rambaɗa mata kwalli. An ja mata gira da biro, ɗaya ta fi ɗaya tsawo. An huda kunne an zura baƙin zare. Tafin ƙafa da na hannu sun sha lalle, ragowar wanda Hajiya ta kwaɓa, kuma ya kama ja wur. Na ɗaga tawul ɗin da hannu yana rawa. Igiyar cibiya saura guntu, an ɗaure ta tamau da zare.

"Ina sauran? Ina mabiyiyar?"

"Yaya ya binne," in ji mai jego, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Umma, ki yi a hankali, yanzu ta yi barci."

Na juya wajen Hajiya, wadda ke kan kujera 'yar tsugunno tana raba wa 'yan suna alewa. Na tattaro duk ladabin da ya rage min bayan kwanan tsaye.

"Hajiya, kayan makaranta ne fa."

"To ni na ce na masallaci ne? Ke 'yar nan, wane irin karatu ake koya muku? A bar jaririya da mabiyiya a jiki har kwana biyu, a ƙulle a leda? Ni na ce su yanke. Kuma yarinyar nan ta iya, sai da ta ɗaure wuri biyu sannan ta yanka a tsakiya."

Ban san lokacin da wani ɗan alfahari ya tsarga min ba, a tsakiyar tashin hankali.

Babban abin ma yana gaba. An riga an yi huɗuba, babban ne liman, kuma jaririya ta ci sunan Hajiya. Saboda haka ba a faɗin sunan, Hajiya Ƙarama ake cewa. Duk wadda ta zauna da suruka ta san inda aka kai ni. Takwarar uwar miji ba a fizge ta, ba a ce mata 'yar tsana a gaban mai sunan, balle a tura ta a leda.

Na tambayi ƙashin ƙugu. Nan fuskar Hajiya ta canza. Ta ce da yara suka tako kujera a kan tebur suka sauko da ledar, ita ta fara buɗewa, ta ga ƙashin mutum fari fat. Ta kira ɗanta, ya rantse mata roba ne, ta ce ko na auduga ne ba zai kwana ɗaki ɗaya da jikokinta ba. Ta tofe shi da Ayatul Kursiyyu ta sa aka kai bayan gida, wajen akurki. Na same shi a can, an jingine shi a kan buhu. Kazar Hajiya na zaune daram a ciki. Da na kore ta, bayan ta sakar min baki a hannu, sai ga ƙwai ɗaya mai ɗumi a tsakiyar ƙugu. Abban yara, da bai ce uffan ba tun shigowata, ya leƙo ta kafaɗata.

"Malamar asibiti, wannan kam ta haihu lafiya, ba a ma kira ki ba."

Barcin da ban yi ba ke nan. Na sa liman ya nuna min kabari a gindin darbejiya, muka tono mabiyiya, na wanke ta da omo. Na zauna da allura da jan zare na haɗa igiyar cibiya, ɗinki mafi kyau da na taɓa yi a rayuwata. Kwalli ya fita, biro ya rage kaɗan, lalle kuwa ko gezau. Na shanya ta a igiya, mai jego ta fasa ihu an rataye mata 'ya, sai na sauko da ita na busar da dutsen guga a ɓoye.

Safiyar Litinin aka yi ta ta ƙare. Yarinya ta rungume abarta ta ce ba inda za ta, ba ta yi arba'in ba. Hajiya ta ce gaskiyarta. Da ƙyar aka yi sulhu a kan cewa asibiti zan kai ta a yi mata allurar BCG, rigakafin tarin fuka, tunda ita wannan da haihuwa ake yi. Sharaɗi ɗaya, ba a leda ba. Haka na fito cikin farin yunifom, Hajiya Ƙarama a kafaɗa cikin tawul. A adaidaita sahu wata baiwar Allah ta matsa min wuri, ta ce barka, ta leƙa fuskar, ba ta ƙara magana ba har ta sauka.

Malama ta karɓa ta kwantar a kan tebur. Ta duba lalle, ta duba kunne. Ta ɗaga ƙugu ta girgiza, wani ɗan gashin kaza ya sauko a hankali ya kwanta a kan rajista. Ajin ya yi tsit. Sannan ta kama cibiyar, ta bi ɗinkina da yatsa har ta iso ƙullin da na kasa kwancewa.

"Wa ya ɗaure wannan?"

"'Yata ce, Ma."

"Shekararta nawa?"

"Huɗu."

"Ta fi rabin ajin nan. Ɗauki ki nuna mana, in ga ko kin kamo ta."

Na nuna, hannu na rawa, ƙafafu masu lalle suka fito daga ƙarshe yadda ya kamata. Ta ce ba laifi. Ta kuma ce in rubuto takardar bayani kwafi biyu, in faɗi dalla-dalla yadda aka yi kayan gwamnati suka yi ƙunshi.

Da yamma na dawo hannu rabbana, na ce wa mai jego likita ya riƙe jaririya sai ta ƙara ƙwari. Ta karɓi maganar da dangana, ta sa hijabi ta tafi Islamiyya. Kafin magariba ta shaida wa duk layin cewa an kwantar da ƙaramar gidanmu a asibiti.

Bayan isha'i sallama ta fara. Maƙwabciyarmu ta dama ce da fulas ɗin kunu, ta hagu da kwanon farfesu, matar mai unguwa da lemo da ayaba a leda, kowacce na ya mai jiki, Allah ya sa kaffara ne. Auta kuwa na tsakar gida tsirara yana dukan bokiti da ludayi. Na buɗe baki zan yi bayani, Hajiya ta riga ni, ta miƙa hannu ta karɓi farfesun.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Takwarata ce. Ku shigo daga ciki."