Fuska Ɗaya, Gidan Reza Biyar

(Alhaji na zaune gaban madubi da tawul a wuya. Fuskarsa duk ƴan guntayen takarda ne manne da ɗigon jini. An jera gidajen reza biyar a kan tebur. Ɗan Boko, ɗan ƙanwarsa, na tsaye da littafi da biro. Baba Wanzami ya shigo da zabira a kafaɗa.)

WANZAMI: Salamu alai... Subhanallahi! Alhaji, muzuru ka kama da hannu?

ALHAJI: Bincike ne, Baba. Ilimi.

WANZAMI: Ilimin ne ya yakushe ka haka?

ƊAN BOKO: Gwaji muke yi, Baba. Kawu ya tara gidajen reza biyar, irin na ƙarfe masu ɗaukar reza mai baki biyu, yana so ya san wanne ya fi. Da yake fuska ɗaya Allah Ya ba shi, sai muka raba ta kashi biyar.

WANZAMI: Kamar gonar gado.

ALHAJI: Yauwa. Kuncin dama, kuncin hagu, haɓa, gashin baki, sai wuya. Kowace gona da manominta. Kai alƙalanci na kira ka. Ka shafa, ka faɗi inda ya fi sumul.

WANZAMI: Shekara arba'in ina riƙe da aska, yau ni aka kira in raba gardama tsakanin kishiyoyina. Wai ma wa ya ƙirƙiro wannan abu da ya ci mana kasuwa?

ƊAN BOKO: Wani Ba'amurke ne, King Camp Gillette. A 1904 aka ba shi takardar mallakar fasahar.

WANZAMI: King? Sarki guda ya rasa abin yi sai aski?

ƊAN BOKO: Suna ne kawai, Baba. Ɗan talla ne mai yawo gari-gari. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, gidan reza 51 kacal ya sayar, da reza 168.

WANZAMI: A shekara? Ai ni a wata guda na fi shi ciniki.

ƊAN BOKO: Sai aka zo yaƙin duniya na farko, gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyi. Suka dawo gida sun saba aske kansu.

WANZAMI: Ashe da soja aka ci mu. To, na yafe. Miƙo kuncin dama.

(Ya shafa da bayan yatsu, sama da ƙasa.)

WANZAMI: Nan ba laifi. Wa ya yi noman?

ALHAJI: Wannan guntun. Merkur 34C, ɗan Jamus, daga Zolingen, garin maƙeran wuƙaƙe. Ɗaga ka ji.

WANZAMI: Kai! Ɗan ƙarami da shi sai nauyi kamar bashi. Me ya sa suka yi masa rowar ƙota?

ƊAN BOKO: Da gangan ne. Gajeriyar ƙota ta fi juyuwa a hannu, nauyin kuma shi ke yin aikin. Ɗora shi za ka yi ka ja a hankali, ba dannawa.

WANZAMI: To Alhaji ya ɗora ko ya danna?

ALHAJI: Na ɗan taimaka masa.

WANZAMI: Na ga taimakon. Ga shi nan har biyu kusa da kunne. Juyo hagu.

ALHAJI: Wannan Bature ne na Ingila, Edwin Jagger DE89, daga Shefil. Dubi yadda yake sheƙi.

WANZAMI: Sheƙi kam ya yi. Amma ina jin ƙaiƙayi a nan, kamar an yi shara an bar lungu.

ƊAN BOKO: Mai sanyin hali ne, Baba. Shi ake ba ɗan koyo. Ka ga wannan murfin? Shi ke danne rezar ya ɗan lanƙwasa ta. Ga kuma shinge a ƙarƙashi, shi ke fara taɓa fata. Duk rigimar da ake yi a kan gidajen reza, a kan ƴar tazarar nan ce tsakanin bakin reza da shingen, da kuma yadda bakin ya leƙo waje. In tazarar kaɗan ce, ba ya yanka mutum da sauƙi, amma sai an bi wuri sau biyu ko uku. In ta yi faɗi, zai kwashe gashi a ja ɗaya.

WANZAMI: Ya haɗa da mai gashin.

ƊAN BOKO: In hannu ya yi rawa.

WANZAMI: Wato dai aska ce aka yi wa takunkumi. Wani takunkumin ya matse, wani ya yi sako-sako.

ALHAJI: Rubuta wannan. Baba ya fara ganewa.

WANZAMI: Azurfa ce?

ƊAN BOKO: A'a. Kan nasa na wani haɗin tutiya ne da ake kira zamak, aka yi masa rufi mai ƙyalli. Haka na Jamus ɗin ma. Yana daɗewa, amma in ya faɗi a kan siminti, ƙusar tsakiya na iya ɓallewa. Masu son abin da jika zai gada, na tagulla suke nema ko na ƙarfen da ba ya tsatsa.

WANZAMI: Askata ta faɗi ya fi sau ɗari. Ƙafata ce kawai ta taɓa kuka. Ɗaga haɓa. Wannan fa, wa ya taka shi? Bakinsa ya karkace.

ALHAJI: Haka aka haife shi. Merkur 37C.

ƊAN BOKO: Murɗe rezar yake yi, sai ta riƙa yankan gashi a kaikaice maimakon ta sare shi gaba da gaba. Don gashi mai tauri aka yi shi.

WANZAMI: (ya yi shiru, ya juya shi a hannu) Wannan mai hankali ne ya ƙera shi. Ko ni ba na jan aska a miƙe, sai na ɗan kwantar da ita. Haɓar ma ta yi kyau. Amma wannan ramin fa?

ALHAJI: Atishawa ce.

WANZAMI: Allah Ya yi maka rahama. Gashin baki fa, me ya sa rabi ya tafi rabi ya tsaya? Ko sulhu aka yi?

ALHAJI: Wannan dattijo ne, ka yi magana da ladabi. Gillette Fatboy, tun 1958 aka fara yin irinsa. Murɗa gindinsa ka gani.

(Wanzami ya murɗa. Kan ya buɗe gida biyu. Ya yi tsalle baya.)

WANZAMI: A'uzubillahi! Yana da rai?

ƊAN BOKO: Ƙofofi ne, Baba, ta nan ake sa reza ba sai an kwance komai ba. Turawa da sunan malam-buɗe-littafi suke kiran irinsa, saboda fikafikan.

WANZAMI: To malam ya buɗe littafi, karatun ne ya gagara.

ƊAN BOKO: Yana da lamba daga 1 zuwa 9. Kana murɗa wuyansa tazarar na ƙaruwa. Ɗaya lallashi, tara faɗa. Matsalarsa kai ne, ya yi girma, da ƙyar yake shiga ƙarƙashin hanci.

WANZAMI: A kan nawa ka sa shi, Alhaji?

ALHAJI: Tara mana. Mutum ya mallaki abu mai tara ya tsaya a uku? Sai ka ce ba nawa ba.

WANZAMI: Shi ya sa leɓe ya kumbura. Saura wuya. Cire tawul ɗin.

ALHAJI: Wuya ba ya cikin gasar.

WANZAMI: Ɗazu ka ce biyar.

ALHAJI: An janye shi.

(Wanzami ya yaye tawul. Ya daɗe yana kallo. Ya cire hularsa ya mayar.)

WANZAMI: Alhaji, wa ka ɓata wa rai?

ƊAN BOKO: Mühle R41 ne, Baba. Shi ma ɗan Jamus. Ka ga sauran shingensu a shafe yake kamar dasashi, shi kuwa haƙora gare shi kamar mataji. Duk masu wannan harka sun san shi da zafin rai. Na ce Kawu ya bar shi sai hannu ya faɗa.

ALHAJI: Ni za a ce wa sai hannu ya faɗa? Ina aski tun kafin a haifi uwarka.

WANZAMI: Ana yi maka aski dai. Ni ne shaida. Wace reza ka sa a ciki?

ALHAJI: Feather, ƴar Japan. An ce duk ta fi kaifi.

WANZAMI: Ka ɗauko gida mafi zafi, ka sa masa reza mafi kaifi, ka kai shi wuri mafi laushi, ka kuma danna. Zakaran wuyan nan ma sadakar da kake yi ce ta cece shi. Ta ina ka ja?

ALHAJI: Daga ƙasa zuwa sama, kamar maza.

WANZAMI: Gashin wuya ba shi da alƙibla ɗaya. Nan ya kwanta dama, nan ya yi hagu, nan ya kewaya kamar guguwa. Sai ka shafa ka san inda ya kwanta, ka fara bin sa tukuna. In ka tare shi gaba da gaba tun jan farko, jibi kuraje za su yi maka sallama.

ƊAN BOKO: Ai saboda kurajen ne ma Kawu ya bar rezojin zamani masu baki uku ko biyar a jere. Su, bakin farko janyo gashi yake yi, na baya ya yanke shi, sai guntun ya koma ƙarƙashin fata. Mai murɗaɗɗen gashi kuwa, in ya zo tsirowa sai ya lanƙwasa ya soki fatar. Irin waɗannan kuwa, da baki guda ke bin fata, a saman fata yake yankewa, in dai an riƙe shi a kwance, kamar digiri 30.

WANZAMI: Digiri talatin! Ni ko firamare ban yi ba, ban taɓa yanka shi haka ba. Kumfar fa, da me ka buga?

ALHAJI: Ga burushi.

ƊAN BOKO: Shi ma iri-iri ne. Akwai na gashin wata dabba dangin dage, akwai na gashin alade, akwai...

ALHAJI: (ya saki burushin) Na me?

ƊAN BOKO: Naka na roba ne, Kawu.

ALHAJI: Rantse.

ƊAN BOKO: Wallahi.

ALHAJI: Duk da haka sake wanke shi. To Baba, yanke hukunci. Wa ya ci?

WANZAMI: Tsaya. Reza iri ɗaya ka sa musu duka?

ALHAJI: Ina! Kowa da tasa. Akwai Feather, akwai Astra, akwai Derby ta Turkiyya, akwai Wilkinson.

WANZAMI: To ta yaya zan san ko gidan ne ya yi aiki ko ƴar hayar da ke ciki? Kuma kunci fili ne, ko makaho zai nome shi. Wuya kwazazzabo ne. Ka ba wani fili ka ba wani kwazazzabo, ka ce in faɗi wanda ya fi noma?

(Hajiya ta leƙo da dutsen alimun a hannu.)

HAJIYA: Sannu Baba. Alhaji, ungo, jiƙa ka goga, yana tsayar da jini. Baƙin da ka ce za su zo, in ce musu ba ka nan ko in ce hatsari ne?

ALHAJI: Ce musu ina nazari. (ya goga a wuya) Wayyo Allah! Wayyo! Hajiya, da ma kina da ni a ciki?

HAJIYA: Ni ce na riƙe maka hannu? Af, na manta. Jiya da nake share teburin nan, rezojin sun zube daga takardunsu. Na dai mayar da kowace inda ta shiga.

(Ta fita. Ɗan Boko ya dubi littafinsa, ya ja layi a kan shafin gaba ɗaya.)

ƊAN BOKO: Shi ke nan, Kawu, sai an sake daga farko. Gida biyar, reza iri huɗu, gona biyar: gwaji 100 ke nan. A zama ɗaya ana yin biyar, zama 20. Sai an bar gashi kwana uku ya tsiro. Kwana 60.

ALHAJI: Wata biyu ina cin wannan azabar?

ƊAN BOKO: Lissafi ne, Kawu. Fuska ɗaya ce.

ALHAJI: In biyu ce fa?

ƊAN BOKO: Kwana 30.

ALHAJI: In uku?

ƊAN BOKO: Kwana ashi...

(Ya yi shiru. Alhaji na kallon ɗan gemunsa. Daga nan ya juya ya dubi farin gemun Baba Wanzami.)

ƊAN BOKO: Kawu, an ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta...

ALHAJI: Shafa wa naka ruwa. Ga ruwan nan da ɗuminsa, ga sabulu. Zauna.

WANZAMI: (ya rungume zabira, yana ja da baya) Ranka ya daɗe, ni alƙali ne.

ALHAJI: Alƙali ma sai ya je ya ga gona da idonsa. Kai zan ba mai haƙoran, tunda ka san kwanciyar gashi. Hajiya! Sa sakata, ki ƙaro alimun.