Ka faɗa wa likita sauran maganar

'Yan uwana matasa, duk wanda ya taɓa bin layin ganin likita da sassafe ya san irin mutumin da zan kwatanta. Zuwansa na uku ke nan cikin wata guda. Kai na sara masa, barci ya ƙaurace wa idonsa, gabansa na faɗuwa, yana jin kamar wani abu na yawo a jikinsa. An ɗebi jini an ce taifot da maleriya, ya shanye magani, ya biya kemis an ƙara masa ruwa leda biyu. Abin da bai faɗa ba, kuma ba wanda ya tambaye shi, shi ne an yi watanni rayuwar duka ta fita daga ransa.

In aka ce wane ya kashe kansa, sai ka ji ana cewa ba wanda ya ga alama. Sau da yawa an gan shi, a asibiti ma kuwa. Wani nazari da aka buga a Amurka a 2002, wanda ya tattara bincike 40, ya gano kusan 45 cikin 100 na waɗanda suka mutu ta wannan hanya sun ga likitan yau da kullum a watansu na ƙarshe, alhali kusan ɗaya cikin biyar ne kawai suka ga ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa a watan. Mafi yawan alƙaluman daga ƙasashen Turawa suke, amma labarin ba baƙo ba ne gare mu: mutum ya zo har bakin taimako, ya koma gida da fanadol.

Na san abin da ke ɗaure mana baki. An rene mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Saurayi na tsoron a ce ya taɓu, budurwa na tsoron maganar ta kai gidan surukai, mai jego na tsoron a ce ba ta gode wa Allah da ya ba ta haihuwa ba. Dokar Penal Code ta Arewa ma ta daɗe tana lissafa yunƙurin kashe kai cikin laifuka, abin da Ghana ta cire daga dokarta a 2023, kuma a ganina ta yi daidai. To amma ka sani, gaya wa likita tunanin da ke zuwa maka ba laifi ba ne a kowace doka, kuma riƙe sirrinka yana cikin aikinsa.

Kada kuma ka jira ya gano da kansa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma likitan da mutum sittin ke jira a ƙofarsa ina ya ga lokacin karanta fuska? Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200. Saboda haka bayan ka gama lissafa ciwon kai da rashin barci, ka ƙara da bakinka: "Likita, na gaji da rayuwa, tunanin kashe kaina yana zuwa mini." Ciwon damuwa cuta ce mai magani. Addini ya haramta kashe kai, ba musu, kuma addinin nan ne ya ce a nemi magani. Mai ce wa marar lafiya "rashin tawakkali ne" ya rufe masa baki ne kawai, ciwon yana nan.

Inda muka fi sakaci shi ne bayan an dawo gida. An kwantar da ɗan uwa, an sallame shi, kowa ya yi hamdala ya koma harkarsa. Makonnin farko bayan sallama daga asibitin ƙwaƙwalwa suna cikin mafi haɗarin lokuta. Maganin damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji daɗinsa, sai mutum ya ce bai karɓe shi ba ya watsar, ranar komawa asibiti ta zo ba kuɗin mota, ba mai rakiya. Wani likita a San Faransisko, Jerome Motto, ya gwada wani abu da za ka raina. Cikin mutum 843 da aka sallama suka ƙi komawa ganin likita, ya riƙa aika wa kusan rabinsu 'yar gajeriyar wasiƙa ta tambayar lafiya lokaci-lokaci, ba wa'azi, ba faɗa. A shekara biyun farko, mutuwa ta kashe kai ta fi ƙaranci cikin waɗanda ke samun wasiƙar. Mu da muke cewa zumunci a ƙafa yake, ga waya a hannun kowa, abin kunya ne takardar gidan waya ta fi mu.

In kuwa abokinka ne ka ga ya daina zuwa majalisa, yana yawan neman yafiya, yana rarraba kayansa, ka keɓe shi ka tambaye shi ƙarara ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin, an bincika wannan an sake bincikawa. In ya ce e, kada ka rantse masa za ka ɓoye, kada kuma ya kwana shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera daga gidan, magungunansa su koma hannun wani babba yana ba shi na yini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: a Siri Lanka, bayan hana magungunan ƙwari mafi dafi, kashe kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015. Guguwar tunanin kan lafa in abin cutarwa ba ya kusa.

Sannan ka raka shi da ƙafarka. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa ma suna da sashen. In dare ne ko kun yi nisa, sashen gaggawa na asibitin da ya fi kusa ya isa. Ku shiga ɗakin likita tare, in nauyin baki ya kama shi, ka nemi izininsa ka faɗa a madadinsa, ka kuma rubuta ranar komawa a wayarka.