Kada ka saka littafin da ba ka gani ba a manazarta

Ɗalibai masu rubuta kundin digiri, babbar matsalarku a manazarta ba waƙafi da aya ba ce. Matsalar ita ce kwaso jerin manazarta daga kundin wani wanda ya gama shekaru biyar da suka wuce, a liƙa. Shi ma kwafowa ya yi, da shekarar da ya rubuta ba daidai ba, da sunan da ya karkace. Mu da muka tashi muna jin yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum, bai dace mu yi wa ilimi wannan riƙon sakainar kashi ba.

Ranar da ka buɗe littafi, ranar za ka rubuta sunan marubuci, shekarar bugu, take, maɗaba'a da shafin da ka ɗauko magana. Idan maƙalar mujalla ce, ƙara juzu'i, lambar fitowa, shafukan farko da ƙarshe, da DOI, wato lambar shaidar maƙalar a intanet. Zotero, manhajar tsara manazarta, kyauta ne, yana adana duk wannan, amma duba abin da ya fitar, don yakan birkita sunayenmu.

Sunayen nan su ne inda aka fi faɗuwa. A tsarin APA, wato ƙa'idar rubuta manazarta ta Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka, sunan ƙarshe ake gabatarwa, sai haruffan farko: Ibrahim Yaro Yahaya ya zama Yahaya, I. Y. Ba a saka Farfesa, Dakta, Malam ko Alhaji, kuma barin su ba raini ba ne. Yadda marubucin ya rubuta sunansa a bango, haka za ka bi. Kada Muhammad ya zama Mohammed a babi na uku.

Sannan ka tambayi sashenku bugun APA da suke bi. Bugu na bakwai, na 2019, ya daina saka garin da aka buga littafi, kuma marubuta uku ko fiye ana taƙaita su a cikin aikin da "et al." (wato "da sauransu") tun ambaton farko. Maganar da aka ɗauko kai tsaye dole ta zo da lambar shafi. In ta kai kalma 40, a ware ta a matsar ciki, ba alamar zance. Marubuci ɗaya da ayyuka biyu a shekara guda: 2018a, 2018b.

In ba ka samu asalin littafin ba, faɗi gaskiya: wane ya ce, kamar yadda wane ya ruwaito. Wanda ka karanta ɗin shi kaɗai zai shiga manazarta. Kafin ka kai a ɗinke kundin, bi kowane suna na cikin aikin ka nemo shi a jerin, ka sake bi daga jerin zuwa cikin aikin. Mai jarrabawa na waje zai iya farawa ta nan.